Masarar da Ke Akwatin Edna

Mene ne laifin kurege mai ruwan toka? Tambayar da ke cin Clifford Relph ke nan a safiyar da ya tsaya riƙe da kofin shayi a kan maƙwabciyarsa Edna Nattrass, ita kuwa tana kwance a gadon da aka sauko mata da shi falo tun da likita ya ce babu sauran abin yi. Shekara da shekaru yana jefa mata wannan tambaya ta saman katangar dutsen da ta raba gidajensu, bai taɓa samun amsar da ta kwantar masa da rai ba.

"Direba, ajiye shayin nan kafin ka zubar mini a bargo. Maganar ka karɓi aikin tarkunan nan nake maka."

"Na ji ki. Na ce a'a."

"Ko gamawa ban yi ba."

"Tun ina tuƙa bas ɗin Penrith kike wannan magana. Ni ko gizo-gizo na gani a banɗaki, a kofi nake fitar da shi waje."

"Na sani. Duk gizo-gizon gidan nan daga gidanka suka yi ƙaura."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya tallafo mata kai har ya lafa.

Bayan gidajen nasu akwai ɗan kurmi da ya haye gangaren tudu, a cikinsa ne sauran jajayen kuregun kwarin suka rage. Masu ruwan toka, waɗanda wasu masu hali suka kawo daga Amurka tun zamanin kakanni don ƙawata lambu, sun mamaye kudu kaf suna haurowa. Sun fi girma, sun fi ci, ga wata cuta a jikinsu da ba ta yi musu komai, amma in ta kama ja sai fuskarsa ta yi gyambo, idanu su manne, a tsince shi a gindin bishiya. Tun rasuwar mijinta Edna ke ɗana tarkunan waya a kurmin, tana zagaya su safe da yamma. Mai toka in ya shiga, doka ta hana a sake shi. Da bindigar iska take gamawa da shi. Clifford kan ji ƙarar daga kicin ɗinsa, tas guda ɗaya, sai ya ƙara muryar rediyo.

"Shi ya ce a kawo shi?" in ji Clifford, yana gyara mata matashi. "Nan aka haife shi, kamar ni da ke. Yunwa ce kawai ta sa shi shiga kejinki."

"Ba shi da laifi. Yaushe ka ji na ce yana da shi? Shi ya sa nake rufe tarkon da buhu, ya zauna cikin duhu hankalinsa kwance, kuma ba na barin ko ɗaya ya wuni a ciki. Amma kai da ka naɗe hannu, kada ka ɗauka ba ka kashe komai ba. Cuta ka bar wa aikin."

"To ki kira Stuart mana. Ba shi ƙungiyar kare jajayen kuregu ta ɗora wa abin ba?"

"Stuart yana da duk kwarin nan a kansa da tsohuwar mota. Tarko na son wanda ke kwana kusa da shi."

"Edna, zan kawo miki gawayi, zan kai ki ko'ina, zan ma saurari waƙoƙin cocin nan naki marasa daɗi. Wannan dai ba zan yi ba."

Sannan ta ce, "To, tsohon rago. Ciyarwa fa? Ko ita ma ta fi ƙarfin zuciyarka?"

Wannan ya karɓa. Akwatin katako ne da ta kafa a jikin bishiyar da ke daidai tagar falon, mai murfin da kurege ke ɗagawa da kai. Ta koya masa haɗin: gyaɗa, 'ya'yan furen rana, sai ƙwayoyin masara kaɗan a sama.

"Ai na ji kin ce jajayen ba su damu da masara ba."

"Ba don su nake sawa ba. 'Yar saƙona ce. In ka tarar da ita yadda ka zuba, ka gode wa Allah. Mai toka kuwa cizon idon ƙwayar yake yi, ya cinye zuciyar ya yar da sauran. Ranar da ka ga haka, baƙo ya iso."

Stuart ya zo ya kwashe tarkunan ya jera su a rumfar da ke bayan gidan Edna. Lokacin kaka ya shigo da ruwan samansa. Kowace safiya Clifford ya sa takalmin roba ya cika akwatin, ya shigo ya dafa shayi, su zauna suna kallon taga. Akwai wani ja mai farin ƙirji da dogon gashin kunne wanda ta sa wa suna Fasto, wai don yakan haɗa hannu a kan gyaɗa kamar mai addu'a kafin ya ci. In ya makara sai ta ce ya tsaya ɗaurin aure ne.

"Masara fa?" Kullum da wannan take tarbarsa.

"Tana nan."

Wata safiya ya ɗaga murfin ya ga ƙwayoyin a warwatse, kowace da ɗan rami fari a gindinta. Ya tsaya cikin yayyafi yana jujjuya ɗaya a tafin hannu. Ya duba rassan sama bai ga komai ba. Ya tattara su ya zuba a aljihun rigar ruwansa, ya zuba sababbi.

"Masara fa?"

"Tana nan."

Muryarta ta yi siriri a kwanakin, amma idanun ba su canza ba. "Clifford, shekara nawa kana gaya wa fasinja cewa bas na kan lokaci, har yau ba ka iya ƙarya ba. Kunnuwanka sun fi na Fasto ja."

Ya zauna a bakin gadon, ya rasa inda zai sa ido. "Wataƙila ɓera ne."

"Wataƙila limamin Carlisle ne." Ta miƙo hannu, ya zuba mata ƙwayoyin. Ta shafa su da babban yatsa. "Ɗaya ne tukuna. Na gaba ne, mai neman wuri."

Ya jira ta sake roƙonsa. Ya ma shirya amsa. Ba ta roƙe shi ba. Ta ce kawai ya wanke akwatin da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin farar jarka, ya ja mata labule gefe, don tana son ganin bishiyar sosai. Rashin roƙon nan ya fi masa duk gardamarsu nauyi.

'Yarta Gillian ta zo daga Carlisle ta tare a ɗakin sama. Edna ta daina cin komai sai cokali biyu na kunun alkama, daga baya shi ma ta bari. Ranar ƙarshe da rana, ruwa ya ɗauke, Gillian na riƙe da hannunta ɗaya, Clifford na kujerar da ke kusa da murhu. Fasto ya sauko kan akwatin da jelarsa a jiƙe.

"Ga mutuminki nan, Mama."

Edna ta buɗe ido da ƙyar. "Ya makara," ta ce. Can kuma, ba tare da ta juyo ba, "Direba, kada ka cika masa gyaɗa. Ya fara tumbi kamar kai."

Bayan wannan ba ta ƙara magana ba. Kafin hasken ya bar tudun ta cika. Gillian ta rufe mata ido, Clifford ya tashi ya ɗora butar shayi don bai san me zai yi da hannuwansa ba, ya fito da kofi uku, ya mayar da ɗaya.

An binne ta kusa da mijinta a bayan ƙaramin cocin ƙauyen. A zauren taro aka sha shayi da biredi mai cuku, manoma suna ba da labarin yadda ta taɓa tsayar da motar madara a tsakiyar titi don wani ja ya tsallaka. Clifford ya yi dariya tare da su, hannunsa ɗaya a aljihu yana taɓa ƙwayar masarar da ta maƙale a ɗinki.

Washegari da ya je cika akwatin, ya tarar da baƙon a kai. Ƙato ne, mai sheƙi, jelarsa kamar hayaƙi. Ya ɗaga murfin da kai yadda jajayen ke yi, ya ɗauki masara da hannu biyu, ya zauna yana ci yana kallon Clifford ba tsoro. Kyakkyawa ne ƙwarai, abin da ya fi ɓata wa Clifford rai ke nan. A can reshen sama Fasto na jiran baƙon ya tashi, shi kuma ya sauko ya sa bakinsa inda mai cutar ya sa.

Gillian na rumfar baya tana ware kayan uwarta. "Kawu Clifford, tarkunan nan da bindigar, Stuart ya ce zai zo ya kwashe in ya samu sarari."

"Ki ce masa ya zo yau. Ba kwasa zai yi ba, nuna mini zai yi. Ba na son hannuna ya yi rawa dabba ta sha wuya."

Ta dube shi. "Mama ta ce ko ƙuda ba ka kashewa."

"Mamanki ta faɗi abubuwa da yawa. Ina buhun?"

Yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, tsohon buhun dankali da ya yi laushi don amfani, da ƙanshin ƙasa da sabulun hannunta a jiki. Ya ɗauki tarko ɗaya ya haye gangaren a hankali, gwiwoyinsa na ƙara. A gindin bishiyar ya durƙusa, ya share ganye, ya daidaita kejin har ya daina motsi. Ya watsa masara a ciki, ya ɗaga ƙofar ya maƙala ta. Har yanzu bai san laifin mai toka ba. Ya shimfiɗa buhun a kai, ya tura gefunansa ƙarƙashi ta kowane ɓangare don kada iska ta shiga, kamar yadda ya riƙa gyara mata bargo.