Ƙullin Bakin Zanen Yelwa

Tun Auta yana goye farfaɗiya ke kayar da shi, kuma duk Kausani babu mai taɓa shi in ta tashi sai yayarsa Yelwa. Mutane gudun yawunsa suke yi, wai ana ɗauka. Ita ke janye shi daga bakin murhu, ta tallafe kansa a cinya har ya farfaɗo. Da ya buɗe ido, abin da zai fara cewa shi ne "Yaya". Har ya yi gemu abin bai canza ba, kuma in gaskiya za a faɗa, Yelwa tana jin daɗin hakan.

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi babura suka cika gari, wani maƙwabci ya goya Auta zuwa asibiti a Wudil. Likita ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya, diyazefam. Malamar asibitin, Lubabatu, ta ja masa kunne: kada ya ƙara, kada ya sam wa kowa, kada kuma ya daina kwatsam ko da ya ji garau.

Faɗuwa ta yi sauƙi, fargabar da ke hana shi fita ta kwanta. Auta ya fara zuwa kara ran Juma'a yana taya dillalan shanu. Bakinsa kuwa ya ƙi rufuwa: Malama ta ce, Malama ta hana. Yelwa ta kan yi tsaki ta juya baya. Shekara da shekaru tana goge masa kumfa, yau wata 'yar farin kaya ce ta zama uwa da uba! Kishi ne zalla.

Wata rana ta juye ƙwayoyin daga gwangwaninsa ta ƙulle a bakin zanenta.

"Ka warke, Auta," ta ce. "Mai lafiya yana shan magani ne? Ga ka nan kullum sai gyangyaɗi."

Bai taɓa yi mata musu ba. Ya ce to.

Kwana kaɗan hannunsa ya kama rawa, barci ya ƙaurace masa, ya dawo yana raɓe a ƙofar ɗakinta. Yelwa ta dama masa kunu har da 'yar waƙarta. Sai wani hantsi ya yanke jiki a tsakar gida. Ta ruga ta ɗora kansa a cinya tana jira farfaɗiyar ta sake shi kamar kullum. Ba ta sake shi ba. Wannan na lafawa wata na tasowa, leɓensa ya yi baƙi. Yelwa ta kurma ihu.

A asibiti Lubabatu ta tura masa irin maganin nan ta jijiya, a hankali, idonta na kan numfashinsa, har jikin ya saki.

"Daina sha ya yi, ko?" ta tambayi Yelwa. "Allah ne ya kiyaye. Kullum zancenki yake yi mini, Yaya kaza, Yaya kaza, har na gaji. Daga yau ke zan riƙa damƙa wa maganin. Na san ke ba za ki bari ya tsallake ba."

Ta miƙa mata sababbin ƙwayoyi. Yelwa ta jawo bakin zane za ta ƙulle, sai ga tsohon ƙullin yana reto.

Daidai nan Auta ya buɗe ido. Ya dubi ƙullin, ya dube ta. Ta matso kusa tana jiran ya ce "Yaya". Sai ya juyar da fuskarsa bango.