Kifin da Muka Gasa wa Yasna

"Fatar a ƙasa, Ercilia! A ƙasa! Wai a tsibirin nan aka haife ki kuwa?"

Na juya yankan kifin salmon ɗin a tire. Doña Orfelina, maƙwabciyata, tana kishingiɗe a benci bayan murhun itace, lulluɓe da bargo biyu. Wata uku ke nan da aka sallamo ta daga asibiti, aka ce huhun ya gama aiki.

Shekara ashirin da shida ta yi a masana'antar kifi tana zare ƙaya cikin ruwan ƙanƙara, har yatsunta suka ƙanƙame. Yanzu ko cokali sai da dabara.

"Kawo in shafa."

Na miƙa mata tiren. Ta bi tsokar da bayan yatsa, ta tsaya.

"Ga ƙaya ɗaya nan. So kike ki maƙure mini 'ya?"

"Doña, ke da ba ki da numfashi, ina kike samun na faɗa?"

"Ajiye shi nake yi dominki."

Yasna, 'yarta tilo, za ta iso da jirgin fito na rana. Shekara tara ba ta tako tsibirinmu na Chiloé ba. Ranar da za ta tafi birnin Santiago, a gabana ta ce ba za ta ƙare kamar uwarta tana ƙarnin kifi ba. Orfelina ta ce to kada ƙarnin ya sake damunta. Ni na buga wa Yasna waya, ba da izinin uwarta ba. Da na faɗa wa tsohuwar, abin da ta ce kawai: "Sai ki nemo kifi mai kyau."

Na shafa man shanu da tafarnuwa, na jera albasa da lemun tsami, na tura tiren cikin tanderun murhun.

"Kada ki buɗe. Hancina zai gaya miki."

Kifi ya gasu, ba Yasna. Iska ta hana jirgi tsallakowa. Orfelina ta zuba wa ƙofa ido.

"In ta fasa, kada ki ɓoye mini."

"Tana hanya, Doña."

"Zai bushe," in ji ta, ta juya fuska bango.

Sai wajen ƙarfe biyar aka turo ƙofa. Yasna ta tsaya a jiƙe sharkaf, jaka a hannu.

"Mama."

"Kin rame. Zauna ki ci, ya huce. Laifin Ercilia ne."

Ya bushe ƙwarai. Yasna ta cinye tas, hawaye na ɗiga a faranti. Ta tashi ta durƙusa, ta kama hannayen nan na uwarta ta tusa fuskarta a ciki.

"Suna ƙarni," in ji Orfelina.

"Bar su, Mama."

Orfelina ta ƙara kwana huɗu. Ranar Alhamis da hantsi, Yasna na taje mata gashi, tsohuwar ta cika.

Bayan an kai ta, na leƙa ta tagata. Ana yayyafi. Yasna na bayan gida cikin takalman robar uwarta, sun yi mata yawa, tana ɗebo itace a hankali, tana kare shi da rigarta.