Rediyon da Mama Ta Zaɓa Ido a Rufe

Ƙatuwar rediyon da Yaya, babban ɗan Mama, ya aiko mata ta daɗe a kan kabad, lulluɓe da tsohon zane kamar mai zazzaɓi. Ga lasifika manya, ga rimot mai maɓallai birjik, kuma sai an haɗa ta da waya kafin ta ce uffan. Auta, ƙaramar 'yar Mama, takan kunna mata in ta zo, amma tana juya baya Mama za ta taɓa wani wuri, abu ya yi tsit.

"Wannan ai jarrabawa ce," in ji Mama. "Ni kuwa na gama makaranta tun kafin a haifi wanda ya ƙera ta."

Tsohuwar ungozoma ce, rabin 'yan unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Tun da ta bar aikin asibiti ba abin da take so kamar labaran safe da waƙoƙin zamaninta. Da Auta ta ce za ta sayo mata wata mai sauƙi, sai Mama ta ce ƙafarta ƙafarta.

Shagon ɗan tsukuku ne, kwalaye har rufi, rediyoyi na ta ihu a tare. Mai shago ya fara zuba bayani a kan wata mai walƙiya, Mama ta ɗaga masa hannu.

"Ɗana, kashe su duka, ka jera mini ƙananan a nan."

Ta cire tabarau ta miƙa wa Auta, ta rufe ido, ta shiga lalube. Ta farko fuskarta sumul kamar faranti, ta ture ta gefe. Ta biyu maɓallanta duk kai ɗaya. Ta uku tana da ƙaton mamurɗi a tsakiya. Mama ta murɗa, ya ce ƙas, murya ta fito tangaram. Ta lalubo ramin saka memori, ta gyaɗa kai.

Auta ta ga masu sayayya sun tsaya kallo, ta raɗa mata, "Mama, buɗe idonki mana."

"Su kalla. Likitan ido ya ce hasken nan tafiya yake a hankali, kuma ba ya dawowa. Gara mu saba da juna tun ina ganinta."

Sai yanzu Auta ta gane dalilin da Mama ta kawar da ɗan teburin tsakiyar falo, da kuma robar da take ɗaurawa a wuyan kwalaben magani, wata kwalbar roba ɗaya, wata biyu. Ita da yayyenta sun ɗauka rigimar tsufa ce, har dariya suke mata. Ashe shiri take, ita kaɗai, ba ko ƙorafi.

"Haba Mama! Me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

"Ba ga shi na faɗa ba? Da a gida ne, da kin cika mini ɗaki da kuka. Nan kuwa kunyar mai shago ta ishe ki."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba. Mai shago ya sunkuyar da kai yana ta goge kantar da ba ƙura. Mama ta sa ya liƙa mata ɗan guntun roba a kan maɓallin canja waƙa, ta sake gwadawa har ta gamsu, sannan ta karɓi tabaranta.

Yaya ya zo da ya ji labari, aka kai ta wurin wani likitan, shi ma abin da ya faɗa ke nan. Mama ta yi wa likitan godiya, ta tambaye shi lafiyar iyali, suka dawo gida. Da kanta ta zaɓa wa rediyon wuri kusa da kujerarta.

Wata safiya Auta ta gwada a gidanta. Ta rufe ido daga kicin za ta falo, ba ta yi nisa ba ta buga gwiwa a kujera. Da ta ba Mama labari, sai da tsohuwar ta rage muryar rediyo don ta yi dariya sosai.

"Ke dai gaggawa ta yi miki yawa," ta ce. "Bango ake fara bi. Taso in nuna miki."