Godiyar Matar Mai Walda

Ranar da aka yi taron neman taimako domin ƙafar Mai Walda, filin makarantar unguwa cika ya yi maƙil. Ciwon suga ne ya haɗu da yankan ƙarfe, gyambo ya ƙi jin magani, likita ya ce ko a yi aiki da gaggawa ko ƙafa ta tafi. Matarsa, wadda ake kira Mai Ɗinki, tana bencin gaba kai a sunkuye, tana jin tsabar kuɗi na faɗawa cikin robar da ake zagayawa da ita. Masu faci sun zo, 'yan dako sun zo, har tsohuwa mai gawayi ta fara kwance bakin zaninta.

Roba ba ta kai tsakiyar taro ba sai Mai Siminti, attajirin unguwa, ya miƙe, ya karɓe lasifika daga hannun shugaban ƙungiyar unguwa.

"Haba jama'a! Ina raye a unguwar nan za a riƙa tsintar tsaba? Kowa ya mayar da hannunsa aljihu. Aikin ƙafar nan a wuyana yake, gaba ɗayansa."

Aka ɗauki tafi. Mutane kuwa suka mayar da hannu aljihu, don wa zai kai ruwan buta kogi? Tsohuwa ta ɗaure bakin zani ta koma ga gawayinta.

Alkawari kaya ne, amma ga wanda ya san nauyi. Mai Ɗinki ta yi ta sintiri zuwa shagon siminti. Yau a ce mota ba ta iso ba, gobe a ce banki ya tashi, jibi akawu ya ce maigida ya yi tafiya, alhali ga motarsa nan a inuwa. Ta roƙi shugaba a sake zagayawa da roba, ya ce, "Mu kunyata babban mutum? Ki ƙara haƙuri." Tana haƙuri, ƙafa tana ruɓa. Aka yanke ta daga gwiwa.

Da a nan abin ya tsaya, da ta haɗiye. To, duk wanda ya tambayi Mai Siminti, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ni dai na yi nawa, tsakanina da Allah. Ba na tallar alheri." Sai zance ya juya. In ta iso bakin famfo mata su yi tsit. Masu kawo mata ɗinki suka fara zuwa karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. Rannan surukarta ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta ƙi shigowa.

"Ke 'yar nan, ina kuɗin ƙafar ɗana?"

"Inna, wallahi ko sisi bai ba ni ba."

"Mutumin da ya yi wa makaranta rufi ne zai yi miki ƙarya? Ki ci, Allah na gani."

Mai Ɗinki ba ta yi kuka ba. Ta gane rantsuwar talaka ba ta kai tarin mai kuɗi ƙara ba. Abu ɗaya ta sa a gaba: bakin da ya ɓata mata suna, shi zai wanke ta a gaban jama'a. Faɗan da ya fi ƙarfinka, an ce, mai da shi wasa.

Duk ranar da ta kai mijinta wankin ciwo, sai ta zauna a dogon bencin asibiti cikin masu jinya, ta fara godiya.

"Kin san Mai Siminti? Bawan Allah ke nan. Shi ya biya mana komai. Sai dai kunya gare shi, da farko zai ce babu. Kada ki tashi. Ki tafi masa da mara lafiyar ya gani da idonsa."

Mai neman tsira ba ya raina igiya. Kafin wata ya mutu, shagon siminti ya koma ɗakin jinya. Tsoho mai robar fitsari ya kishingiɗa a kan buhuna. Wata mata ta shimfiɗa 'yarta mai kumburin ciki a bakin ofis. Magina in sun zo saye sai su toshe hanci su wuce shagon gaba. In ya kore su, ya zama mara imani; in ya ce bai taɓa biya wa kowa ba, ya tona kansa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mai askin da ke tsallaken titi ma ya samu abin yi, kullum sai ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, gadaje kawai suka rage! Yaushe likita zai fara zagaye?"

Mai Walda bai ji daɗin abin ba. "Uwar yara, ki bari haka. Kina jan bayin Allah da ciwonsu. Ƙafar dai ba za ta tsiro ba."

"Maigida, ba ƙafa nake nema ba," ta ce, tana taka keken ɗinki kamar za ta karya shi. "Kai an yanke maka ƙafa, ni an yanke mini suna. Kai ana zuwa duba ka. Ni wa ya zo?"

Wata safiya da kasuwa ta cika, ta ɗora shi a keken guragu, ta ce wa surukarta, "Inna, tunda na ci, zo mu je ki yi wa mai kuɗin godiya." Tsohuwa ta bi su tana harara.

A ƙofar shago Mai Ɗinki ta durƙusa cikin ƙurar siminti, ta ɗaga murya yadda na tsallake zai ji.

"Ranka ya daɗe, mun zo godiya! Ga uwarsa na kawo. Jama'a, ku kwantar da hankalinku, yadda ya biya mana har da kuɗin mota, haka zai biya wa kowa a nan!"

Masu jinya suka yo kansa. Wannan ya kama hannun riga, wancan ya rungume ƙafa, ana miƙa masa takardun magani har hanci. Gumi ya karyo masa, hula ta faɗi. Baki kuwa shi ke yanka wuya.

"Ku sake ni! Ƙarya take yi! Ko sisi ban ba ta ba!"

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama.

"Ranka ya daɗe, kunnen Inna ya yi nauyi," in ji Mai Ɗinki a hankali. "Maimaita mata."

Ya dubi jama'a, ya dubi dungun ƙafar da ke naɗe da bandeji. Ya maimaita, murya ƙasa-ƙasa. Tsohuwa ta matso har gabansa, ta tofar da yawu a kan takalminsa, sannan ta juya ta kasa haɗa ido da surukarta.

Mai Ɗinki ta miƙe tana kaɗe gwiwa. Sai matar nan mai 'ya ta riƙo gefen zaninta.

"Baiwar Allah, ashe ƙarya kika yi mana? Akuyata na sayar na yi kuɗin mota. Mu yanzu ina za mu?"

Mai Ɗinki ta dubi yarinyar da ke kwance a buhu.

"Ku ci gaba da zama, 'yar'uwa. Hana ni ya yi, ba rashi ya yi ba. Kuɗin na nan a ciki."

Ta kama keken mijinta, ta tura.