Ƙofar da Na Datse ta Waje

Ranar da gari ya cika kwana goma sha ɗaya a kulle saboda annoba, na idar da sallar azahar a ɗakina, na kishingiɗa bisa darduma, makullin gidan burodina yana cikin aljihun rigata. Ban yi niyyar barci ba, zuciyata ce take ta kai-kawo a kan Malam Barau.

Bari in faɗi laifina tun da fari. Hukuma ta bar mu masu sana'ar abinci mu ci gaba da aiki, amma da sharaɗi: a ba ma'aikata takunkumi, a rage cunkoso, wanda tari ko zazzaɓi ya kama a bar shi ya je neman magani, kuma kada a kore shi. Ni kuwa, sarkin wayo, na ga in suka tafi gida ba lallai su sami hanyar dawowa ba. Na sa lauyana ya rubuta takarda cewa da yardarsu suke kwana a wurin aiki. Mutum goma sha huɗu suka dangwala yatsa, ba wanda aka karanta wa. Na datse ƙofar da kwaɗo ta waje, ba na buɗewa sai motar kwasar burodi ta zo. Barau shi ne mai yi mini kwaɓi shekara goma sha bakwai, kuma kwana uku ke nan yana tari. Da safiyar ranar matarsa Tabawa ta zo ƙofar gidan burodin da kwanon kunu, ta durƙusa tana cewa, "Alhaji, don Allah a bar ni in gan shi." Na ce mata mura ce, ta koma gida.

A kan wannan tunani barci ya sace ni.

Sai ga ni a ƙofar wani birni mai ganuwar baƙin ƙarfe, ƙaurin nama ya cika iska. Wani dogon mutum da ya rufe fuskarsa da ƙyalle ya damƙi wuyan hannuna. Tafinsa zafi kamar bakin tanda. Ya yi tari, ya ce, "Biyo ni."

A unguwar farko na ga mutane cikin manyan riguna sun yi layi, gaban kowannensu farantin ƙarfe ya yi jajir. Waɗansu ƙarti marasa fuska suna kama babban yatsan mutum su danna a kai har naman ya narke, ƙashin ya fashe. Kafin ya gama ihu wani yatsan ya tsiro, sai a sake. Gefensu an zaro harshen wani an kafe shi a tebur, ana rubutu a kansa da ƙusa.

Na ce, "Bawan Allah, su wane ne waɗannan?"

Ya ce, "Masu sa talaka ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. Na teburin shi ne mai rubuta musu."

Na cusa hannuna cikin aljihu don in ɓoye shi. Na taɓa makullin, na ji ya fara ɗumi.

Muka wuce zuwa wani fili inda aka kwantar da mutane rigingine, an ɓare haƙarƙarinsu, ana ɗura musu toka mai zafi a huhu da shebur. Sai a rufe ƙirjin, a tashe su da duka. Suna tari gudajin jini na faɗowa, ana daka musu tsawa cewa su fita, ba a buƙatarsu. Jagorana ya ce su ne waɗanda suka kori ma'aikaci ranar da ya fara ciwo, suka ɗauki wani kafin ya kai gida.

Nan fa na sami bakin magana. Har da gyara tsayuwa na ce, "To ni dai ban kori kowa ba."

Ya ce, "Gaskiya ne. Taka unguwar tana gaba."

A hanya muka ratsa waɗanda aka ɗora wa aikin dubawa. An ƙwaƙule idanunsu an danƙa musu a hannu, ana tura musu burodin wuta a baki, yana ƙona maƙogwaro ya ɓullo ta ciki. Na gane ɗaya. Shi ne duba-garin da ya zo ƙofata, ya ji motsin mutane a ciki, na cika masa bayan mota da burodi ya juya. Kunya ta kama ni, domin ni na koya masa makantar.

Daga nan muka iso wani dogon titi, hagu da dama tanduna ne na ƙarfe, kowace da kwaɗo ta waje. Na ciki suna dukan ƙofa har tafukansu suna salewa, kitsensu yana malalowa ta ƙarƙashi. Duk wanda ya yi kururuwa a buɗe masa, sai muryarsa ta kansa ta amsa masa daga waje da abin da ya taɓa faɗa wa mai roƙonsa. Jagorana ya tsaya gaban wata tanda da ba kowa a ciki. Kwaɗona ne rataye a jikinta, har ɗigon shuɗin fentin da na yi masa alama.

Ya sauke ƙyallen fuskarsa.

"Barau! Mutuwa ka yi?"

"Ban sani ba, Alhaji. An ce in raka ka in koma, in an buɗe mini."

"Ka yafe mini, don girman Allah."

"Ba a nan ake neman wannan ba."

Ƙartin suka cafke ni, suka karya mini gwiwa, suka cusa ni ciki. Ƙofa ta rufu. Fatar bayana ta fara tashi, makullin yana cin cinyata, na yi ihu a buɗe. Sai na ji muryata daga waje, a natse, tana cewa mura ce.

Na farka jiƙe sharkaf da gumi, ana kiran la'asar. Ko hula ban tsaya nema ba, na nufi gidan burodin. Duk hanya ina yi wa Allah alkawari cewa takardun nan wuta za su ci, kuma ba zan ƙara rufe ɗan Adam ta waje ba.

Ashe Tabawa ba ta koma gida ba. Tana zaune a gindin katanga, kwanon yana kan cinyarta. Sau uku makullin yana kuɓuce mini kafin kwaɗon ya buɗu.

Ma'aikatan suka ja da baya. Barau yana kwance bisa buhunan fulawa, laɓɓansa sun bushe, ƙirjinsa yana hawa da sauka da ƙyar. Yana da rai. Na durƙusa don in ɗauke shi zuwa mota, ina haɗa kalmomin neman gafara, amma ya riga ni. Ya dafa buhu yana ƙoƙarin miƙewa.

Ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji. Yanzun nan zan tashi in gama kwaɓin."

A nan, gaban matarsa da mutum goma sha uku, na fashe da kuka.