Ɓeran Keji na Bakwai

Dakta ta ɗora takardar gwajin jini a kan tebur, ta danna yatsa a layi ɗaya.

"Uwar ɓeraye, zo ki ga ɗanki."

Haka ake kiran mai kula da dabbobin ɗakin binciken. Ta goge hannu a rigar aiki ta matso.

"Mako shida muna ba rukunin nan abinci mai sinadarin matsarmama, don mu ga abin da zai yi wa maiƙon da ke yawo a jininsu. Tara sun tafi hanya ɗaya. Na keji na bakwai kuwa, jininsa kamar an tsoma shi a man shanu. Ko dai na gano abin da duniya ba ta sani ba, ko wani ya lalata mini aiki."

Uwar ɓeraye ta tuna jaririyarta da ke gidan raino, ta tuna wannan aikin ne ke riƙe da su. Shiru zai iya rufa mata asiri. Duk da haka ta buɗe baki.

"Dakta, abincin ne da ɗaci. Na ɗanɗana."

"Kin ɗanɗana abincin ɓera?"

"To, zan ba wani abin da ban san ɗanɗanonsa ba? Kwana uku ya ƙi ci, haƙarƙarinsa duk a waje. Sai na ɗan gutsuro masa gwaiduwar ƙwai cikin na 'yata."

"Sau nawa?"

"Kullum da safe. Amma ɗan mitsitsi."

Dakta ta cire tabarau ta dafe goshi. Kafaɗunta suka fara rawa, ba a san kuka ne ko dariya ba.

"Saura ƙiris in rubuta wa mujalla. Da na sha kunya a gaban duniya saboda ƙwai!"

"Korata za a yi?"

"In na kore ki, wa zai riƙa ɗanɗana mini abincinsu? Shi dai na cire shi daga lissafi. Ranar Litinin a fara da sabo. Jakarki mai ƙwan nan kuma ta tsaya a bakin ƙofa."

Ranar Litinin Uwar ɓeraye ta zuba wa sabon ɓeran abincinsa daidai awo. Ya sansana, ya ja da baya, ya ɗago kai yana kallonta. Ta rufe kejin, ta juya fuskarta ga bango, kamar yadda take yi in za a yi wa 'yarta allurar rigakafi.