Hayaƙin da Ilaitia Ke Gani a Silima

Duk garin Lautoka, in dai zancen fim ake, ba mai ja da Ilaitia. Ba wani karatu ya yi a kai ba. Direban jirgin ƙasa mai ɗaukar rake ne, ya ƙarar da ƙarfinsa yana jan taragu daga gonaki zuwa masana'antar sukari, har aka sallame shi ya dawo gida da sanƙo da ciwon gwiwa. Amma tun yana yawo ba takalmi yake zama a bencin gaba na silima, wuya a ɗage, kuma bai taɓa zaɓe ba. Na kaboyi, na Indiya mai rawa da kuka, na 'yan kareti masu tashi sama kamar fara, na yaƙi, na soyayya, har na da can wanda ba a magana sai a yi ta faɗuwa ana tashi, duk nasa ne. Matarsa Sereana takan ce ko tallan sabulu aka sa a allo, sai ya zauna ya ga yadda za a ƙare.

A 'yan shekarun nan ne ya fara ƙorafi. Wai masu yin fim na zamani sun lalace. Komai duhu, komai hayaƙi, fuskoki duk iri ɗaya.

Kowace Asabar bayan cin abincin rana yakan tafi wurin amininsa Shiu Narayan, tela, wanda shagonsa ke bayan kasuwa. A can ƙuryar shagon akwai talabijin da kujeru biyu. Ilaitia ya zo da dafaffen rogo da kifi, Shiu ya fito da roti, gurasar Indiyawa, da miyar kabewa da matarsa ta ɗaure masa, su ci, su kalla, su yi musu.

"Dubi wannan, don Allah," in ji Ilaitia wata Asabar, yana nuna allo da guntun rogo. "Wai rana ce tsaka, amma kamar ana ƙona gonar rake a bayansu. Mutanen da fa, da baƙi da fari kawai suke aiki, amma kana ganin hawayen mace tun daga ƙofar silima."

Shiu ya leƙo ta saman tabarau. "Ni ban ga hayaƙi ba, mutumina."

"Kai ai ba ka ganin komai sai ɗinkin rigunansu."

"Ɗinkin ma ai gani ne. Dubi wuyan kwat ɗin can, wanda ya yi shi bai ci abincin safe ba."

Haka suke, ba wanda ya taɓa sauka daga kan maganarsa.

Abin ya fito fili ne ranar da suka je silima su uku, har da Sereana, kallon wani sabon fim na 'yan sanda da ɓarayi. Da aka tashi suka fito cikin hasken la'asar, Ilaitia yana ta kaɗa kai, ransa fes.

"To, yau kam na sara musu," in ji shi. "Na daɗe ban ga labari mai zurfi irin wannan ba. Mutum ɗaya, da rana ɗan sanda, in ya juya baya ɓarawo, yana farautar kansa da kansa! Har ya harbi kansa a kan gada, ya kuma tsaya yana kallon gawarsa. Wannan ai wa'azi ne. Kowa abokin gaban kansa ne."

Shiu ya tsaya cak a bakin titi. Ya dubi Sereana, Sereana ta dube shi.

"Wane mutum ɗaya?"

"Jarumin mana."

"Ilaitia, mutum biyu ne. Ɗan sandan dogo ne siriri. Ɓarawon gajere ne mai tumbi, da gemu har ƙirji."

"Gemu?"

"Gemu kamar tsintsiya!"

Shiu ya riƙe ƙarfen fitilar titi yana dariya har da tari. Sereana kuwa ba ta yi dariya ba. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta ce, "Baban Litiana, ya isa. Shekaranjiya ka gaida bishiyar ayaba a ƙofar coci, na yi shiru don kada in kunyata ka. Litinin za mu asibiti."

Ya yi gardama duk tsawon hanya, a cikin bas ma bai fasa ba. Ya ce mutumin da ya tuƙa jirgi a cikin ruwan sama, yana hango saniya a kan layin dogo tun daga nesa, ba za a ce masa ba ya gani ba. Amma Litinin na yi sai ga shi a kan bencin asibiti, hula a kan gwiwa.

Likitar ido ta haska masa 'yar fitila, ta ce yanar ido ce ta rufe idanun duka biyu, ta daɗe kuma tana taruwa. Za a fara da na dama, na hagu sai nan gaba.

"Za ku sa ni barci?" ya tambaya.

"A'a, Baba. Kana farke za a yi, ba za ka ji zafi ba."

Ya taɓa ganin wani fim inda mahaukacin likita ke cire wa mutane idanu yana ajiyewa a kwalba, sai ya ga bai kamata ya ba ta labarin ba. Ranar aikin ya kwanta ya sandare kamar katako, yana rera waƙar coci a zuci. Kafin ya kai ƙarshenta aka ce an gama.

Washegari da safe aka cire masa bandeji. Ya buɗe idon a hankali, ya rufe, ya sake buɗewa. Abu na farko da ya gani rigar Sereana ce. Shekara da shekaru yana ɗaukarta ruwan ƙasa ce, ashe shuɗiya ce shar, da furanni ja manya-manya. Ya ɗaga ido zuwa fuskarta, ya daɗe yana kallo.

"Mene ne?" ta ce.

"Yaushe kika yi furfura haka?"

Ma'aikaciyar jinya ta toshe baki ta juya baya. Sereana ta buge shi da mafici a kafaɗa. "Kai ka sa mini ita, ɗaya bayan ɗaya. Jira ka ga madubi."

"Ta yi miki kyau," ya ce, muryarsa ta ɗan sauka. Ita kuma ta shiga gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Likita ta ce ya huta wa kallo na 'yan kwanaki. Wannan ne ya fi aikin wuya. Da ya ishi Sereana da zirga-zirga a tsakar gida, sai ta zaunar da shi ya ba talabijin baya, ta kunna wani tsohon fim ɗin Indiya, ita tana kallo tana ba shi labari.

"Me ake yi yanzu?"

"Ta shigo falo. Kai, labulen nan ya yi kyau."

"Bar labule! Me ya sa goge ya canza murya? Wani abu zai faru."

"Uwar mijin ce ta leƙo ta taga. Ya aka yi ka sani?"

"Gogen ya gaya mini."

Ya yi mamakin kansa. Duk tsawon rayuwarsa yana jin kiɗan fim, bai taɓa saurarensa ba. Ashe kafin mugu ya shigo ganga ta riga shi, kafin a yi kuka sarewa ta fara.

Asabar ɗin da aka ba shi izini, ya isa shagon Shiu tun kafin a gama share ƙofa. Ya riga ya zaɓi abin da zai buɗe ido da shi: wani tsohon fim ɗin kaboyi da ya fi so a duniya, wanda ya fara gani tun kafin ya san Sereana. Ya zauna, ya gyara baƙin tabarau ɗin da asibiti suka ba shi, sannan ya cire shi kamar mai buɗe kyauta.

Ba a yi nisa ba ya fara mutsu-mutsu.

"Shiu. Duwatsun can na bayansu."

"Na'am."

"Zane ne."

"Tun ranar farko zane ne."

"Ga ma inda ƙyallen ya naɗe! Kuma dokin nan, ɗazu yana da fari a goshi, yanzu babu." Ya matso da kujera. "Kai! Gashin jarumin ma ba nasa ba ne. Dubi gefen kunnensa."

Ya koma ya jingina, ya ajiye rotin da ke hannunsa. Ji ya yi kamar an ce masa wani babban yayansa maƙaryaci ne. Shiu ya ga abin ya taɓa shi da gaske, sai ya bar tsokana. Ya tashi ya zuba masa shayi.

"Ka san me nake gani in na kalli wannan?" in ji Shiu. "Wani bawan Allah ya tsaya a kan tsani da buroshi yana fentin dutse, ya san ƙarya ce, amma ya yi ta da zuciya ɗaya. Kuma ta riƙe ka tun kana saurayi har ka yi jikoki. Ni da zan ɗinka kwat ta yi wannan ƙarko, ai da na huta."

Suka ci gaba da kallo. Can wajen ƙarshe, inda jarumin ke sallama da tsohuwar uwarsa a bakin shinge, sai Ilaitia ya ga abin da bai taɓa gani ba. Tsohuwar ta ɗaga hannu za ta taɓa fuskar ɗan, sai ta fasa, ta kama shingen ta riƙe. Yana yaro daga gefen bencin gaba yake kallo, allon a karkace. Da ya girma kuma hankalinsa na kan bindiga. Ya sa bayan hannu ya share idon hagu, don likita ta hana shi taɓa na dama.

"Mayar da shi baya," ya ce. "Wurin shingen."

Daga ranar ya shiga bin finafinai kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ya koma kan na bebaye, ya ga ashe ɗan wasan da ke faɗuwa cikin kwata yana ɗaga gira ɗaya kafin ya faɗi, ya yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Ya kalli na kareti ya hango igiyar da ke ɗaga su sama, bai damu ba. Ya je silima ya ga wani katun na kifaye a ƙarƙashin teku, ya fito yana cewa shi da aka haifa a bakin teku bai san shuɗi ya kai kala haka ba. Ya kuma koma ya sake kallon na 'yan sandan nan. Ya ga gemun. Ya ce fim ɗin ba laifi, amma nasa labarin ya fi nasu, Shiu ma ya yarda da haka.

Wani lokaci ana tsakiyar kallo sai ya rufe idon dama da tafin hannu ya duba da na hagu, ya ga hayaƙin nan ya dawo, ya girgiza kai.

"Yaran nan masu yin fim na zage su a banza," yakan ce. "Allah Ya sa ba su ji ba."

Wata Laraba da hantsi Sereana ta same shi a baranda yana ɓare kwakwa. Ta sha shuɗiyar rigarta, jaka a hannu.

"Tashi ka sa riga. Yau ni zan zaɓa."

"Akwai na kaboyi sabo, an ce..."

"Baban Litiana, bari in gaya maka gaskiya. Ban taɓa son kaboyi ba. Ko sau ɗaya. Ƙura da dawaki da maza marasa wanka."

Ya saki wuƙar. "Duk shekarun nan? To me kike so?"

"Na fatalwa."

Finafinan ban tsoro ya daɗe yana cika baki a kansu, yana cewa ba sa ɗaga masa gashi ko ɗaya. Sai yanzu ya tuna cewa ya daɗe rabon da ya ga abin da ke cikinsu.

Suka shiga kallon rana, silimar ba kowa sai 'yan tsiraru. Aka nuna wani tsohon gida a kan tudu, wata mata tana saukowa daga bene da kyandir. Ilaitia ya ji goge ya canza murya, ya san me ke tafe, sanin bai amfane shi da komai ba. Ƙofar kabad ta buɗe a hankali. Abin da ke ciki ya fito, ya gan shi tsaf, har jijiyoyin wuyansa da ƙazantar farcensa.

"Wayyo Allah!" Gyaɗar da ke hannunsa ta watse har layin gaba.

Sauran fim ɗin a bayan kafaɗar Sereana ya kalle shi, da idon hagu. Ita kuwa ko gezau, tana tauna gyaɗarta tana ba matar allon shawara: "Kar ki shiga, 'yar nan. To, kin shiga. Ke kika sani."

Da suka fito rana na nan daram, masu bas suna ta kiran fasinja. Ilaitia ya riƙe hannunta a tsakiyar titi, abin da bai yi ba tun suna samari.

"Yaya ka gani?" ta tambaya.

Ya ja numfashi. "An yi aiki. Hasken nan na kan bene, wanda ya tsara shi ya san hannunsa." Ya waiwaya ya dubi ƙofar silimar. "Kada ki gaya wa Shiu."

"Shagonsa za mu biya yanzu," in ji Sereana, ta ja shi suka nufi bayan kasuwa.